Tuban Kaka da Na Kai Bakin Rijiya

Jiya da hantsi aka rangaɗa guɗa a gidan maƙwabtanmu, an kawo lefen 'yarsu. Ina zaune ina tsince shinkafa, sai na ji hannuna ya tsaya cak a cikin faranti. Shekara fiye da hamsin ke nan, amma har yau in mace ta kama hanci ta saki guɗa, ba biki nake tunawa ba. Bakin rijiyar ƙauyenmu nake gani, guga a yashe a ƙasa ruwa yana bin turɓaya, ga wata yarinya mai ɗan karen surutu tana washe baki, ba ta san ta kunna wuta ba. Yarinyar nan ni ce.

Bari in fara gaya maka ko mu su wane ne, don na san halin mutane. Mu Hausawa ne, kuma Kirista ne. In maganar ta tsaya maka a maƙogwaro, sha ruwa ta wuce. Ba a mota aka kawo mu daga kudu ba. An binne cibiyata a wani ɗan ƙauye tsakanin Fulatan da Jajaye, a ƙasar Rogo, inda kakannin kakannina Maguzawa suka sare daji suka kafa rumbu. Da Hausa aka yi mini tawai, da Hausa aka zage ni, da Hausa kuma na fara jin sunan Yesu Almasihu. Abin da zan ba ka labari ya faru ne a bazarar shekarar da sojoji suka fara dawowa gida daga yaƙin basasa, ina 'yar shekara goma ko sha ɗaya.

Kakana na wajen uba shi ne mai gidan. Dogo ne, baƙi, hannunsa kamar faifai, kuma an ce a zamaninsa ba wanda ya taɓa riga shi kai ƙarshen kunya a wurin gayyar noma. Addinin iyayensa yake bi. Yana da tukunyar tsafi a gindin tsamiyar ƙofar gida, inda ake yanka baƙin bunsuru kafin shuka, kuma ba a raba gidanmu da warin tsiron dawa da ake shanyawa don giya. 'Ya'yansa maza biyu ne suka rayu, kuma duka biyun sun bar masa tsafinsa. Babban, wato Baffa, tun yana saurayi ya tafi Karaye koyon ɗinki, ya musulunta, ya yi aure a can. Ƙaramin, wato Babana, ya ji wa'azin wani mai bishara da yakan zo a keke, ya ba da gaskiya, ya koyi karatun boko don kawai ya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa.

Na Baffa bai dami Kaka sosai ba, don yana nesa, kuma duk sallah yakan aiko da goro da gishiri. Na Baba ne ya tsone masa ido, don a gabansa yake. Ranar da Baba ya ƙi riƙe ƙafar bunsuru a gindin tsamiya, Kaka ya shiga ɗakin Baba ya ɗauko Littafinsa na fari, ya cusa shi a murhu ƙarƙashin tukunyar giya. Ba a haife ni ba a lokacin, Inna ce ta ba ni labari. Ta ce washegari Baba ya durƙusa ya gaida ubansa kamar kullum, ya saɓi fartanya ya bi shi gandu. Kwana shida yana yi masa noma, ranar Lahadi kuwa ko sama za ta faɗo ba ya taɓa ƙota. A haka suka shafe shekara goma sha wani abu, ba faɗa, ba shiri.

Ni ce na shiga tsakani, ba don wayo ba sai don wasan jika da kaka. Yana ce mini amarya, ina ce masa angona mai rowa. Da yanar ido ta fara rufe masa gani ya daina zuwa gona, sai ya koma zaman gindin tsamiya yana tufka igiyar rama. Ni kuma a lokacin na iya karatu a ajin mai bishara, kan nan nawa ya kumbura, ina neman wanda zan yi wa burga. Sai in ɗauko ɗan littafin bishara in zauna kusa da shi in yi ta karantawa da ƙarfi. Ya ce shi ba saurara yake ba, yana dai jira ne ya kama ƙaryar littafin. Amma na lura duk sanda na yi shiru, tufkar ma sai ta tsaya.

Rannan na karanta masa misalin mai shuka, wanda ya fita yana watsa iri, wani ya faɗa a hanya, wani a kan duwatsu, wani cikin ƙaya, wani a ƙasa mai kyau. Kaka ya yi dariya har da tari.

“Yauwa, na kama shi! Amarya, wannan manomin naku wawa ne. Wa ya taɓa shuka haka? Ai sara ake yi da sungumi, a jefa ƙwaya, a take da diddige. Wanda ya watsa iri a faƙo, bai san zafin yunwa ba.”

Na ji haushi, na rufe littafin na tafi. Amma bayan kwana biyu shi da kansa ya ce in sake karanta masa labarin wawan manomin nan. Bayan mako guda ya sake cewa in maimaita. A karo na ukun bai yi dariya ba. Ana tsananin zafi, iska ko kaɗan ba ta motsi, kurciya tana ta kuka a saman tsamiya. Ya daɗe yana murza igiya a cinyarsa, sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, mutum biyu ne kawai za su zuba iri a faƙo: wawa, da wanda rumbunsa ba ya ƙarewa kuma yana ƙaunar faƙon. Sai ya ce in kira masa ubana.

Baba yana gyaran jinkar rumbu, ya sauko ya zo ya durƙusa. Abin da na ji da kunnena a ranar ban taɓa jin irinsa ba, kafin nan ko bayan nan, daga bakin dattijon Bamaguje zuwa ga ɗan cikinsa.

“Littafinka da na ƙona, na yi laifi. Ba kai kaɗai na yi wa ba, har da mai maganar da ke ciki. Shekara da shekaru yana zuba mini iri ta hannunka, ina takewa. Na tuba.”

Baba ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba sai ran nan. Kafin la'asar Kaka ya sa aka kife tukunyar giya, shi kuma da hannunsa ya lalubi tukunyar tsafi ya fasa ta da taɓarya. Murna ta hana ni cin tuwo.

Washegari da sassafe na ɗauki tulu na tafi rijiya. Rijiya ɗaya muke sha da unguwar Musulmi da ke ƙetaren fadama, kuma da bazara ruwa yakan yi ƙasa, sai an yi layi. Akwai wata dattijuwa mai sayar da daddawa, mai son tsokanata, ta ce, “Ke amaryar tsoho, yaya jikin angon naki?”

Na ce, “Lafiyarsa ƙalau, Iya. Ai jiya ma ya tuba!”

Gugan hannunta ya suɓuce. Ta ce in sake faɗa, na sake faɗa da ƙarfi, har na ƙara mata da cewa ya fasa tukunyar tsafi da hannunsa. Sai ta kama hanci ta saki guɗa, sauran matan suka amsa, wata ta rungume ni, wata ta cika mini tuluna ba layi, ta ɗora mini a kan gammo. Ni kuwa daɗi ya kashe ni. Mai bishara ya koya mana cewa ana murna a sama in mai zunubi ɗaya ya tuba, sai na ce a raina ashe har a bakin rijiya ma ana yi. Na dawo gida ina rangaji, ruwa yana zubo mini a wuya.

Da na ba Inna labari, sai ta ɗora hannu biyu a ka. “Wayyo ni! Bakin nan naki wata rana sai ya yanka miki wuya.” Ta zaunar da ni ta warware mini abin da kowane babba ya sani, ni kaɗai ban sani ba. A bakinmu, in an ce mutum ya tuba, ana nufin ya ga zunubinsa, ya juyo ga Almasihu. A bakin maƙwabtanmu kuwa, in an ce Bamaguje ya tuba, ma'ana ɗaya ce tak: ya musulunta. Kalma ɗaya ce, harshe ɗaya, rijiya ɗaya, amma ni na faɗi gabas, su sun ji yamma. Kuma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Kafin azahar akusa sun fara shigowa daga ƙetaren fadama, da fura, da dambu, har da kaza. Dattawa suna zuwa suna yi wa Kaka barka, shi kuma ba ya cewa komai sai “Yauwa, na gode.” Baba ya durƙusa ya ce a ba shi izini ya je ya gyara maganar. Kaka ya ce a'a, abin da babba zai faɗa da bakinsa ba a aiken yaro da shi. Kwana shida bai ce in karanta masa komai ba, tufkar ma ya ajiye. Na ga tsoro a fuskar Baba, ko da yake bai furta ba. Hanyar da aka buɗe wa tsohon mai sauƙi ce ƙwarai: ya yi shiru kawai, ya zama mutum a idon gari, a daina ce masa arne bayan ya wuce. Wata gwaggona ma cewa ta yi dama tuban muzuru ne, ya ga kaji zai koma. Da aka gaya wa mai bishara, ya ce a ƙyale shi, kada kowa ya matsa masa, in shukar Ubangiji ce za ta tsaya da ƙafarta.

A rana ta bakwai da hantsi Baffa ya iso a keke, da ƙunshi ɗaure a baya. 'Yan kasuwa ne suka kai masa labari har Karaye. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ran nan ba. Sai da na girma na gane dalili. Mutumin nan ya yi shekara ashirin a cikin gari yana salla a sahun gaba, yana azumi, yana sadaka, amma in an tashi yi masa gori sai a ce ɗan arna. Kuma ban da gori, yana ƙaunar ubansa, yana tsoron ya mutu a kan tsafi. Wannan ba zan taɓa hana shi ba. Ya biya ya ɗauko limamin unguwar ƙetare, da mai unguwa, da dattawa kamar goma. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, mata suka yi cirko-cirko a bayan danga, ni ma ina cikinsu.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, an tambayi gida, an tambayi zafi, an tambayi dabbobi. Baffa ya kwance ƙunshi. Farar riga ce ƙal, da hula, da sabuwar buta. Shi ya ɗinka rigar da hannunsa, aikin wuyan kaɗai ya ci masa kwana uku. Ya ajiye a gaban ubansa ya koma ya durƙusa.

Liman dattijo ne mai natsuwa, ba ya gaggawar magana. Ya ce, “Mai gida, labari ya iso mana cewa ka tuba.”

Kaka ya ce, “Ba a yi mini ƙarya ba.”

Aka ɗauki hamdala. Wata ta fara guɗa a bayan danga. Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya gyara zama ya ce, “To, madalla. Sai ka faɗi abin da zan faɗa.”

“Allah gafarta malam, dakata. Ba ka tambaye ni ga wa na tuba ba.”

Baffa ne ya fara ganewa. Na ga ya ja gwiwa ya matsa har jikin ubansa, ya yi ƙasa da murya, amma dangar kara ba ta riƙe sirri.

“Baba, don girman Allah kada ka tozarta ni a gaban mutanen nan. Ko ba za ka faɗi komai ba, ka yi shiru, ka sa rigar. Mu ce ba ka jin daɗi, a dawo wata rana. Shiru kawai nake roƙo.”

Kaka ya miƙa hannu yana lalube har ya sami kan Baffa, ya dafa. Na rantse maka, a lokacin ni kaina na so ya yi shirun, don a huta, don kada a ce ni na jawo. Ɗansa na fari ne, wanda ya fara ce masa baba a duniya.

Sai Kaka ya ce, “Ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ƙare ƙuruciyata ina yanka wa abin da ba ya ji. Ba zan ƙare tsufana ina yi wa mai ji ƙarya ba.” Ya juya wajen da ya ji muryar liman. “Ga Yesu Almasihu na tuba.”

Liman bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Annabi Isa ai namu ne, mai gida. Muna girmama shi.”

“Na sani. Amma wanda jikata ta karanta mini, an gicciye shi saboda laifina, ya mutu, ya tashi. Shi ne ya zuba iri a faƙo. Ni ne faƙon.”

“Ba haka muka karanta ba.”

“Na san ba haka kuka karanta ba, Allah gafarta malam. Shi ya sa na tsayar da kai, kada in sa ka shaidi abin da babu shi a cikina.”

Mai unguwa ya fara faɗa, yana cewa an tara dattawa an yi wasa da hankalinsu. Liman ya hana shi. Ya ce ba a tilasta wa mutum addini, kuma gara wanda ya faɗa maka a fuska da wanda zai bi ka salla zuciyarsa tana wani wuri. Ya miƙe, ya sa takalmansa, ya yi wa Kaka sallama cikakkiya kamar yadda ya gaishe shi da zuwa. Har ya bar duniya ban daina rusuna masa a hanya ba.

Baffa ne ya rage a durƙushe. Da ya ɗago, fuskarsa ta canja. Ya dubi Baba, ya dubi Kaka, ya ce, “Ashe ƙanena ka zaɓa.” Kaka ya ce shi bai zaɓi ɗa ba, 'ya'yansa biyu ne jiya, biyu ne yau. Baffa ya ɗauki buta da hula, ya bar rigar a kan tabarma, ya kama kekensa yana turawa. Bai hau ba har ya ɓace a bayan gonakin gyaɗa. Kaka ya lalubi rigar ya naɗe ta da kansa, ya ce abin da ɗa ya ɗinka wa ubansa ba a mayarwa.

Kada ka zaci zan ce maka komai ya warware bayan nan. Bai warware ba. Goro da gishirin sallah suka daina zuwa. A rijiya aka yi watanni ba mai amsa gaisuwata sai mai daddawar nan, ita ma a daƙile. Da damina ta cika rafi aka yi wa Kaka baftisma, maza biyu suna riƙe da shi, a cikin tsohuwar taguwarsa, don ya ce farar rigar ba zai sa ta ba sai mai ɗinkinta yana kallo. Duk ranar kasuwa in mutane sun dawo, tambayarsa ɗaya ce, ko an ga tela. Wani lokaci yakan sa in fito da rigar daga adaka in shanya, ya riƙa bin aikin wuyan da yatsa, yana cewa wannan ba ɗinkin haya ba ne. Baba ya taka har Karaye sau biyu, Baffa ya karɓe shi a zaure, ya ba shi ruwa, amma bai biyo shi ba. Damina uku Kaka ya yi yana jira. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba, bai kuma taɓa cewa abin ba ya yi masa ciwo ba.

Ni kuwa na ɗauki laifin na aza wa kaina. Wata rana na fashe da kuka na ce wa Kaka ni na raba shi da ɗansa. Ya ja kunnena ya ce, “Amarya, kada ki yi wa kanki girman da ba ki kai ba. Da ba ki kai maganar nan rijiya ba, da na ɓoye ta a ɗaki har in mutu, kowa yana zaton nasa ne ni. Bakinki ya fitar da ni fili, shi ke nan.”

Ya rasu ana cikin girbin gero. Wasiyyarsa ɗaya ce, a sa masa farar rigar. An aika wa Baffa, amma kafin ya iso an riga an kai gawa bakin kabari. Ya jingine keke ya tsaya can nesa a gindin wata ɗorawa, bai shiga waƙarmu ba, bai shiga addu'armu ba, kuma ba wanda ya ce ya shiga. Sai da za a saukar da Kaka, tabarmar da aka naɗe shi ta ɗan zame, aikin wuyan rigar ya bayyana. Na ga Baffa ya dafa itacen. Da aka fara tura ƙasa sai ya tako, ya karɓi fartanya daga hannun Baba, ya yi ta turawa har aka gama, hawaye yana bin gemunsa. Da zai tafi ya tsaya a gabana ya ce, “Ke ce mai kai magana rijiya?” Na sunkuyar da kai. Ya ce, “Ba ki yi ƙarya ba. Ya tuba. Ba dai inda na so ba.” Baffa ya mutu Musulmi, Baba ya mutu Kirista, kuma daga ranar nan ba su ƙara yanke zumunci ba.

Yanzu na tsufa, ina zaune a birni wajen ɗana, kuma abin da nake gani yana ba ni haushi. Majami'armu ta dā ta laka ce da jinka, ƙararrawarmu guntun ƙarfen garma ne a rataye a reshe, amma ba a yin Lahadi biyu ba a ambaci zunubi ba. Yau ga gini, ga lasifika mai fasa kunne, ga mai wa'azi yana zufa yana ce wa mutane su karɓi mota, su karɓi gida, su karɓi ɗaukaka. Na kasa kunne in ji kalmar tuba, shiru. Wai tana korar matasa. To, ta kore su mana! Kakana bai karɓi komai ba a ranar da ya faɗe ta. Asara ma ya yi, ta ɗan fari, damina uku cur. In bisharar da ake sayarwa yau ita aka kawo masa, da ya ce wa mai ita abin da ya ce wa manomin nan a karon farko, kuma a wannan karon da ya yi gaskiya.

Akwai kuma masu ilimin zamani, har cikin jikokina, da suke ce mini ai duk hanya ɗaya ce, a daina tsananta bambanci don a zauna lafiya. Nakan ce musu ku rufe mini baki. Limamin nan ya fi ku girmama kakana, don bai shafa masa mai a baki ba. Ya ce ba haka muka karanta ba, Kaka ya ce na sani, suka yi sallama, washegari muka sha rijiya ɗaya. Zaman lafiyar da sai an ɓoye gicciye a aljihu kafin a same shi, irin shirun da Baffa ya roƙa ne, kuma na ga tsohon da ya fi ni ƙaunar ɗansa ya ƙi ba da shi. Littafin nan da aka cusa a murhu, ba ni da izinin yage masa shafi don wani ya ji daɗi.

Har yau in na shiga mota aka ji Hausata, aka kuma ga ɗan gicciyen da ke wuyana, ba a rasa mai cewa, “Haba Iya, ke da Hausa a bakinki haka, yaushe za ki tuba?” Ba na jin haushi, don na san da kyakkyawar niyya wasu suke faɗa, kamar matan rijiya. Nakan ce musu na tuba tun kafin a haifi iyayenku. Sai dai yanzu na yi hankali, ba na barin kowa ya kai hannu hanci. Kafin a saki guɗa nakan ce, dakata ɗana, ba ka tambaye ni ga wa ba.